Tashar mota ta ƙaramar hukuma ce, amma titi ba nata ba ne

Tun bayan hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yuli, 2024 kan cin gashin kan ƙananan hukumomi, wata magana ke yawo a bakin direbobin tasi da na adaidaita sahu. Wai yanzu ciyaman na da ikon kama duk wanda ya ɗauki fasinja a wajen tasha, har ya ƙwace masa mota. Wasu kuma suka juya ta, suka ce ai KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, da ire-irenta ba su da ta cewa kuma. Duka biyun shaci-faɗi ne. Hukuncin ya tsaya ne kan kason kuɗin ƙananan hukumomi 774, cewa a riƙa tura musu kai tsaye, da kuma haramta kantomomin riƙo. Ko kalma ɗaya bai faɗa ba kan inda za a yi lodi.

Ikon ƙaramar hukuma kan tasha tsoho ne. Yana cikin Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999, inda aka ɗora mata kafa tashoshin mota da kula da su da tsara su, a layi guda da kasuwanni da mayanka da banɗakunan jama'a. Wannan ya haɗa duk motar haya da ke lodi a tasha, tasi ce ko bas ko ta shata.

Inda ake ruɗewa shi ne kalmar tasha. Tasha fili ne da hukuma ta ware, mai ƙofar shiga da layi da rasit, irin ta Unguwa Uku ko ta Ƙofar Ruwa a Kano. Bakin titin da wata mata ta ɗaga hannu ka tsaya mata bai zama tasha ba don kawai wani ya dasa benci a wurin. Tsayuwa a kan hanya tana ƙarƙashin dokar zirga-zirga ta jiha da ta tarayya, shi ya sa ɗan KAROTA ko jami'in hukumar kiyaye haɗurra ke iya tsare ka idan ka toshe hanya. Haka lasisi. Abin da jadawalin ya ba ƙaramar hukuma shi ne na keke da kwalekwale da baro da amalanke da kurar turawa. Abin hawa mai inji ba ya ciki.

Akwai kuma sashe na 7 na Kundin, wanda mutane ba sa karantawa. Ya ce Majalisar Dokokin Jiha ce za ta yi dokar da ke miƙa wa ƙananan hukumomi waɗannan ayyuka. Ta wannan kafa gwamnoni ke shigowa. Oyo ta dakatar da ƙungiyar direbobi ta NURTW a 2019 ta karɓe tashoshi, Legas ma ta yi makamancin haka a 2022. Ita ƙungiyar, mu tuna, ta ma'aikata ce. Tana da kuɗin da mambobinta ke biya, amma ɗan kamasho ba jami'in haraji ba ne, ko da rigarsa na da tambari gaba da baya.

Sai batun tara da ɗauri, kuma nan ne tsoro ya fi yawa. Dokar haraji ta 1998, wadda aka yi a zamanin soja, ta lissafa kuɗin tasha da tarar ajiye mota ba bisa ƙa'ida ba cikin abin da ƙaramar hukuma za ta karɓa. Amma ita dai dokar ta hana kowa, har da hukumar haraji, kafa shinge a hanya don karɓar kuɗi, ta kuma tanadi tarar naira 50,000 ko ɗaurin shekara 3 ko duka biyun. Wato mai shingen ne dokar ta nufa da kurkuku, ba direba ba. A 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar ƙaramar hukumar Uyo da gwamnatin Akwa Ibom, ta ce wannan doka ta ci karo da tsarin mulki. Sai dai faɗuwarta ba ta ba kowa lasisin tare hanya ba. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na nan daram: ba a hukunta mutum sai da laifin da aka rubuta a doka tare da hukuncinsa.

Na taɓa zama a gaban wata tasi, direban ya tsaya sauke wani dattijo mai buhun gero. Kafin ya buɗe but, yara biyu sun jefa katako mai ƙusoshi a gaban taya, ɗaya ya zare madubin gefe ya riƙe. Dubu biyu suka karɓa, rasit ɗin ko sunan ƙaramar hukuma babu. Da direban ya tambayi wace doka ya karya, sai babbansu ya ce “dokar ciyaman.”

Ni ban ga laifin a ce masu haya su yi lodi a tasha ba, don lodin bakin titi na haddasa cunkoso, kuma ta nan ɓata-gari ke kwasar fasinja. Amma jadawalin da ya ba da ikon karɓar kuɗi shi ya ce a kula da wurin, kuma tashoshi da yawa ko rumfar fakewa daga rana ba su da ita, balle banɗaki. Idan aka ci ka tara, ka nemi a nuna maka rubutacciyar dokar da sashen da ka karya, ka kuma karɓi rasit mai lamba da hatimi.