Me ya sa hukumomin wasanninmu ke tuntuɓe tun kafin a shiga fili?

Wa ke da iko da hukumar wasa, gwamnati ko uwar ƙungiya ta duniya?

Gwamnati ce ke zuba kuɗi, amma dokar FIFA, uwar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta duniya, ta hana ta naɗa shugabanni ko tsige su. A watan Yulin 2014 FIFA ta dakatar da Najeriya bayan wata kotu a Jos ta sauke shugabannin hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, ƙarƙashin Aminu Maigari, kuma sai da aka mayar da su kan kujerunsu aka ɗage dakatarwar. A Oktoban 2024 aka rushe ma'aikatar wasanni, aka dawo da Hukumar Wasanni ta Ƙasa, Shehu Dikko na jagoranta. Hurumin da ya dace da ita shi ne tsara manufa, sakin kuɗi a kan kari, da bin bahasin yadda aka kashe su.

A ina rigima ta fi kunno kai?

A wurin zaɓe, kuma mu Kanawa shaida ne. A watan Yunin 2017 hukumar ƙwallon kwando ta yi zaɓe biyu: ɗaya a nan Kano, inda Tijjani Umar ya fito, ɗaya a Abuja washegari, inda aka zaɓi Musa Kida. Kowa ya riƙe hujjarsa, aka yi shekaru ana ja-in-ja. A 2022 gwamnati ta janye Najeriya daga gasannin ƙwallon kwando na waje, 'yan matan D'Tigress, tawagar mata ta ƙasa, suka rasa gurbin gasar cin kofin duniya da suka samu da guminsu, aka ba Mali. Abin takaici, ba su ji ba, ba su gani ba.

Maganin ba ɓoyayye ba ne. A samu kundin tsarin mulki guda ɗaya wanda uwar ƙungiya ta amince da shi. A liƙa sunayen masu kaɗa ƙuri'a aƙalla wata guda kafin ranar. Kwamitin zaɓe daban, na sauraron ƙorafi daban, kuma kada a sa yaron ɗan takara a ko ɗaya. A ƙayyade wa'adi, a kuma ware wa 'yan wasa kujeru masu ƙuri'a.

To, tsari na dogon zango fa?

Kalanda ce da sunan mutum a gaban kowane aiki. A gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 an hana 'yan guje-guje da tsalle-tsalle goma na Najeriya shiga, saboda ba a yi musu gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari sau uku cikin wata goma kafin gasar ba, kamar yadda doka ta tanada. Sun riga sun isa Japan. Ma'aikaci ɗaya da aka ɗora wa wannan jadawali, yana kai rahoto duk wata, ya isa ya hana faruwar haka.

Wannan ya shafi Kano Pillars?

Ƙwarai. Ƙungiyar da ta ci gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014 ta faɗa rukuni na biyu a 2022, ta dawo a 2023. Mallakar gwamnatin jiha ce, don haka tana buƙatar shugabanni masu wa'adi a rubuce, wanda sauyin gwamnati ba zai taɓa ba. Kuɗin ƙofa na filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a riƙa bayyana shi bayan kowane wasa: tikiti nawa aka buga, nawa aka sayar, nawa ya shiga banki.