Dutsen Apophis da ake cewa zai faɗo a 2029, daga ina maganar ta taso?

Toh jama'a odiyon nan na wai wani dutse zai faɗo daga sama a 2029 duniya ta tashi ya sake dawowa WhatsApp, daga Garwa har Kuseri har Injamena ana ta turawa, wasu tsofaffinmu har hankalinsu ya tashi. Dutsen dai akwai shi da gaske, sunansa Apophis, amma labarin tsoho ne kuma an riga an wuce wajen.

A watan Yuni 2004 aka fara ganinsa daga wani wurin kallon taurari mai suna Kitt Peak a Amurka. Faɗinsa wajen mita 340, yana zagaya rana kaman yadda duniyarmu take yi, saidai hanyarsa tana giftawa kusa da tamu. Da Disamba ta wannan shekarar masana suka buga lissafi suka ce akwai yiwuwar kashi 2.7 cikin 100 ya buge mu ranar 13 ga Afrilu 2029, nan ne fa aka firgita, dan kafin lokacin ba a taɓa samun dutse da lissafinsa ya kai haka ba. Amma lokacin ɗan guntun tafiyarsa kawai aka gani, cikin ƴan kwanaki aka tono tsofaffin hotunan watan Maris 2004 aka same shi a ciki, aka sake lissafi, maganar 2029 ta faɗi. Aka koma fargabar 2036, a 2013 itama aka cire ta, sai 2068 ta rage, a Maris 2021 aka auna shi da rada daga Kalifoniya NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ta ce nan da shekara 100 babu haɗari daga gare shi. Wannan ba duba bane ba kuma bokanci ba, awo ne, duk sanda aka ƙara ganinsa lissafin yana ƙara daidaita, gaibu kuwa na Allah ne.

Ni wallahi wanda aka sani bai dame ni ba kaman waɗanda ba a gani ba. A Fabrairu 2013 wani mai mita 20 kacal ya fashe a saman garin Chelyabinsk na Rasha, ta ɓangaren rana ya zo babu wanda ya hango shi, mutum kusan 1,500 suka ji rauni yawanci daga gilashin taga. Nan maƙwabtanmu Sudan ma a Oktoba 2008 wani ƙarami ya tarwatse a saman hamadar Nubiya, shi kam an gano shi ƙasa da kwana ɗaya kafin ya iso, ɗaliban jami'ar Khartum suka je suka tsinto ɓaraguzansa. Kuma mu a Chadi ai shaida na ƙasarmu, ramin Aorounga can arewa cikin Sahara faɗinsa ya haura kilomita 12, dutse ne daga sama ya haƙa shi tun zamanin da.

Shi yasa a Satumba 2022 kumbon DART na NASA ya daki wani dutse Dimorphos da gangan dan a gwada ko za a iya kautar da irin waɗannan duwatsu, kuma hanyarsa ta canza, zagayen da yake yi wa wani babban dutse ya ragu da minti 32.

Shi Apophis in Allah ya kaimu ranar Juma'a 13 ga Afrilu 2029 da dare zai wuce da nisan wajen kilomita 32,000 daga ƙasa, wato ya fi taurarin ɗan adam da kwanon Canal+ ke kallo kusa damu, kuma mu mutanen Afirka muna cikin waɗanda zasu ganshi da ido ba sai da na'ura ba, indai ƙura bata rufe sama ba.