Inshorar mota: takardar nan da muke miƙa wa ɗan sanda, wai me take biya ne?

Tun da 'yan sanda suka fara matsawa kan takardar inshora a watan Fabrairun 2025, majalisarmu ta Jekadafari a nan Gombe ba ta da hira sai ita, kowa da tasa fahimtar, wasu ma har rantsuwa suke yi kan abin da ba su taɓa karantawa ba. Ga tambayoyin da aka fi yi min.

Wai ba wani harajin ba ne aka sauya masa suna?

A'a Malam. Kuɗin ba aljihun gwamnati yake zuwa ba, kamfanin inshora kake biya, shi kuma ya ɗauki alkawarin in motarka ta yi ɓarna zai biya a madadinka. Gwamnati tilastawa kawai ta yi, kuma tilascin ba sabo ba ne, tun dokar 1945 zamanin Turawa ya samo asali. Hukumar NAICOM ce ke sa ido a kan kamfanonin.

To wannan ta dole ɗin da ake ce wa tad fati, me zan samu a ciki?

Kai da kanka? Ko sisi. Nan ne mutane ke ruɗewa. Ita wanda ka yi wa ɓarna take biya. A ce ka fito daga Tashar Dukku birki ya ƙi, ka daki motar wani ta baya ka fasa masa bamba da fitilu, taka ma gaban ya lotse, to kamfanin zai gyara tasa, kai kuwa ka ja taka wajen bakanikenka ka biya da aljihunka. Haka in ka buge mutum ya ji ciwo ko Allah ya yi masa rasuwa, kuɗin asibiti da hakkin iyalansa na kan kamfanin.

Daga 1 ga Janairun 2023 kuɗinta ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara ga motar gida, abin da za a iya biya na ɓarnar dukiya kuma ya tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Motar haya 20,000, keke napep 5,000, mashin 3,000, manyan motocin ɗaukar kaya 100,000. Ni dai a ganina dubu sha biyar ba tsada ba ce, je ka tambayi kuɗin fitilar gaba ɗaya ta irin manyan jif ɗin nan da ke yawo a gari kafin ka ce an cuce ka. Amma fa miliyan ukun iyaka ce, in ɓarnar ta wuce haka cikon naka ne.

Idan aka sace min ita fa, ko ta kama da wuta?

Tad fati ba ruwanta. Akwai ta tsakiya wadda ake ƙara sata da gobara a kai, sai dai ita ma in ka faɗa rami a hanyar Alƙaleri ba za ta gyara maka ba.

Wace ce ke gyara min tawa kenan?

Cikakkiyar, wadda 'yan kamfani ke kira kwamfirihensif. Ta haɗa duk na sama sannan ta ƙara gyaran motarka ko da laifinka ne. Kuɗinta ba ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar, wato motar miliyan 8 za ta ci 400,000 a shekara, shi ya sa mafi yawa masu sabuwar mota ne ke yinta ko wanda banki ya ba bashin mota aka sa masa sharaɗi.

Sunan dai cikakkiya amma kar ya yaudare ka. Akwai wani kaso da aka rubuta a takardar wanda kai za ka fara biya a kowace ɓarna kafin su cika sauran. Tsufan inji, taya ta suɗe, giya ta lalace don kanta, duk ba sa ciki. In direba ba shi da lasisi za su iya ƙin biya, haka in ka rubuta motar gida ce alhali kana lodin fasinja da ita zuwa Bauchi ranar Asabar. Ambaliya kuwa, wanda ya san yadda ruwa ke cika kwarurukan Gombe da damina ya tambaya baki da baki ko tana ciki, a nuna masa wurin da aka rubuta, don wani lokacin sai an ƙara kuɗi. Tarzoma ma haka. Kuma kar ka rage darajar motar don kuɗin ya yi sauƙi, ranar biya da abin da ka rubuta za a yi maka lissafi.

Ya batun halasci? An ce akwai riba a ciki.

Malamai da yawa sun yi magana kan riba da rashin tabbas a inshorar da aka saba, shi ya sa aka fito da takaful. A nan kuɗin gudummawa ce ake zubawa asusu ɗaya, wanda tsautsayi ya faɗa wa a taimaka masa daga ciki, ba a juya kuɗin a harkar haram, in an samu rara kuma a raba wa waɗanda ba su karɓi komai ba. Akwai irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful, masu lasisi ne, takardarsu na aiki a shingen 'yan sanda kamar kowace. Fatawa dai sai wajen malaminka.

Tawa da aka haɗa min da takardun mota, ya zan san ta gaske ce?

Wannan ita ce babbar matsalar wallahi. Da yawanmu ɗan kamasho muke ba kuɗi ya kawo komai a ambulan, ba mu ma san sunan kamfanin ba. Danna *565*11# a wayarka ka sa lambar motar, ko ka duba a NIID, rumbun bayanan inshora na ƙasa, ta intanet. In ba ta fito ba to takarda ce kawai aka buga maka. Wanda duk ya ce zai yi maka ta motar gida a dubu biyar yau, ka san inda aka dosa.

In abin ya faru me zan fara yi?

Mu nan an saba a taru, a ce tsautsayi ne Allah ya kiyaye gaba, a yafe ko a raba kuɗin gyara, kuma hakan ba laifi. Amma in kana son kamfani ya biya, ɗauki hotuna kafin a janye motocin, samo rahoton 'yan sanda, kira kamfanin a ranar in da hali, kar kuma ka kai wa mai gyara ya fara bugun ƙarfe sai sun turo wanda zai duba ya ƙiyasta kuɗin.