Matsalar Tuno Kalma a Wurin Yara

Matsalar tuno kalma ita ce yaro ya san kalma, yana gane ta idan an faɗa, amma ta ƙi zuwa bakinsa a lokacin da yake nemanta. Ta bambanta da in'ina, inda kalmar tana nan, fitarta ce ke sarƙewa. Ba kuma ƙarancin basira ba ce. An fi samunta a wurin yara masu tangarɗar bunƙasar harshe, wato wahalar koyon magana da fahimtarta, wadda ke shafar kimanin kashi 7 cikin 100 na yara, da masu wahalar karatu, da waɗanda suka bugu a ka.

Alamunta a bayyane suke. "Abin nan" da "wane" sun cika maganar yaron. Yana son buta sai ya ce kofi, ko ya zagaya ya ce "wadda ake alwala da ita", ko ya kwatanta da hannu. Kalmar da ya faɗa da safe tana iya ɓace masa da yamma.

Bincike

Ana fara gwada jin yaron. Sannan masanin gyaran magana, wanda a Saudiyya aka fi sani da mai takhatub, ya nuna masa hotuna ya faɗi sunayensu. Waɗanda ya kasa sai a jera su, a ambaci suna a ce ya nuna. Idan ya nuna daidai, ya san kalmar, ɗauko ta ne ke ba shi wuya. Idan bai nuna ba, bai san ta ba ne, kuma koyarwa yake buƙata.

A nan ne ake yawan kuskure da 'ya'yan Hausawan Makka da Madina da Jidda. Yaro yana Hausa a gida, Larabcin Hijaz a unguwa, fusha, wato Larabcin littafi, a makaranta. Wanda aka gwada da Larabci kaɗai zai iya kasa sunan kayan girki don da Hausa ya san su. Cakuɗa harsuna biyu a jimla ɗaya ba cuta ba ce. Matsalar gaske tana bayyana a duka harsunan, don haka ake buƙatar wani na gida ya zauna a yi gwajin da shi. Sanannen gwajin tuno kalma da wata masaniya mai suna Diane German ta fitar a Amurka a 1986 da Turanci aka tsara shi, makinsa ba ya auna waɗannan yara.

Yadda ake taimakawa

Ana zaɓar kalmomi 10 zuwa 15 da yaron ke buƙata kullum, a bi kowace ta hanya biyu. Ta farko ma'ana: cokali dangin mene ne, me ake yi da shi, ina ake ajiye shi, da me aka yi shi? Ta biyu sauti: da wane sauti ya fara, gaɓa nawa ne, a tafa hannu, co-ka-li, uku.

Idan ya maƙale, a ba shi daƙiƙa 5 zuwa 10 shiru. Bai samu ba, a tuna masa amfanin abin. Sai sautin farko. Sai a ba shi zaɓi: "Cokali ne ko ludayi?" Faɗa masa kalmar shi ne na ƙarshe, ya maimaita ta cikin jimla. Sautin farko ba ya wadatarwa a kalmomi irin su albasa da alƙalami da almakashi, sai an haɗa da gaɓa ta biyu. Burin dai shi ne yaron ya koyi yi wa kansa waɗannan tambayoyi.

Minti 10 zuwa 15 sau da yawa a mako sun fi dogon zama ɗaya amfani. Galibi kalmomin da aka yi aiki a kansu ne ke inganta, ba lallai sauran su biyo ba, shi ya sa zaɓinsu ke da muhimmanci.

Abin da ke ɓata aiki: yayye su riƙa cafe masa magana, ko a matsa masa da "yi sauri mana", wanda ke ƙara toshe kalmar. Wasu iyaye kan daina yi masa Hausa don Larabcinsa ya ƙarfafa. Hakan ba ya magance matsalar, sai dai ya rage masa hira da kakanni da 'yan gida, inda ya fi jin kalmomi suna maimaituwa.