Shugabancin kamfanin ba da shawara kan tara gudummawa

Kamfanin ba da shawara kan tara gudummawa kamfani ne da jami'o'i, asibitoci da ƙungiyoyin agaji ke ba kwangila domin ya tsara musu hanyar samun kuɗi daga masu bayarwa. Su ƙungiyoyin ba riba suke nema ba, amma shi kamfanin ɗan kasuwa ne. Abin da ya bambanta shugabancinsa shi ne, ana auna nasararsa da kuɗin da ba shi ke roƙa ba, ta hannun mutanen da ba shi da ikon ba su umarni.

Asali

A Amurka sana'ar ta tsiro. A 1905 Charles Sumner Ward da Lyman Pierce, ma'aikatan YMCA, ƙungiyar matasa Kiristoci, suka nemi kuɗin gini a birnin Washington da sabuwar dabara: a yanke adadi, a sa gajeren wa'adi, a kasa 'yan sa-kai rukuni-rukuni, a riƙa shaida wa jama'a inda aka kai. A 1919 Ward ya kafa kamfani, haka ma John Price Jones, sai Marts & Lundy ya biyo baya a 1926. A 1935 kamfanonin suka haɗu a ƙungiya guda wadda yau ake kira Giving Institute, tushen rahoton Giving USA da ke fita duk shekara tun 1956. Rahoton ya nuna an bayar da kimanin dala biliyan 557 a Amurka a 2023, kusan kashi biyu cikin uku daga hannun ɗaiɗaikun mutane.

Faɗin gaskiya ga mai biyanka

Kafin a ƙaddamar da babbar gidauniya, mashawarci kan zauna da manyan masu bayarwa ɗaya bayan ɗaya, cikin sirri, ya ji ra'ayinsu game da ƙungiyar da abin da za su iya bayarwa. A nan ake gane shugaba. Sau da yawa abin da zai ji ba mai daɗi ba ne: adadin ya yi yawa, ko masu hannu da shuni ba su amince da shugaban ƙungiyar ba, wato shi wanda ya sa hannu a kwangilar. Idan mashawarci ya ce a dakata, ya rasa aikin wata da watanni. Idan ya shafa wa rahoton bincikensa mai don kada ya ɓata wa kowa, gidauniya za ta tsaya a rabin hanya a idon jama'a, sunan kamfanin ya zube tare da na ƙungiyar. Kamfanonin da suka daɗe sun zaɓi asarar farko.

Lissafin ma ba ya ɓoyuwa. Akan zana jadawalin da ke nuna kyauta nawa ake bukata a kowane mataki, a rubuta sunayen waɗanda ake sa rai a gefe. Galibin kuɗin daga mutane ƙalilan yake fitowa, saboda haka idan layin sama babu suna, babu gidauniya. Shi ya sa ake tara rabi ko fiye a asirce kafin a yi shela.

Jagoranci daga baya

Mashawarci ba shi ke zuwa roƙo ba. Mai kuɗi ya fi sauraron sa'ansa, don haka membobin kwamitin amintattu na ƙungiyar ne ke zuwa, bayan su kansu sun bayar. Yawancinsu kuwa kunyar roƙo suke ji. Aikin mashawarci ya zaunar da su, ya yi musu gwaji, ya koya musu su ambaci adadi ƙarara sannan su yi shiru su bar mutum ya yi tunani. Ranar da kuɗi ya shigo, su za a yaba. Mai son a gan shi ba ya jure wannan aiki.

Kuɗin aiki

Ƙungiyar ƙwararrun masu tara gudummawa, wato AFP, wadda aka kafa a 1960, ta hana membobinta karɓar kamasho daga abin da aka tara. Dalilin a fili yake: mai jiran kamasho zai matsa wa mai bayarwa ya bayar yau, ko da haƙuri zai kawo babbar kyauta baɗi. Ƙananan ƙungiyoyi kan yi ƙorafi, domin su ba su da abin biya kafin kuɗi ya shigo, kuma ƙorafin nasu yana da ƙamshin gaskiya.

Cikin gida

Matsalar da ta fi damun ƙananan kamfanoni ita ce dogaro da wanda ya kafa su. Abokan hulɗa shi suka sani, shi suke so a kowane zama, aiki kuma yakan zo jefi-jefi. Masu kamfanin da suka wuce wannan mataki sukan shigar da mataimakansu zama tun ranar farko, su rubuta hanyar aikinsu yadda wani zai iya bi, su kuma ƙi kwangilar ƙungiyar da kwamitinta bai shirya bayar da ko sisi ba.