Waiwaye: Shin da gaske daga Najeriya Malesiya ta ɗebi irin kwakwar manja?

Duk lokacin da kuɗin jarkar manja ya tashi, sai tsohon zancen nan ya dawo a rediyo da Facebook da majalisun hira: wai a shekarun 1960 ne 'yan Malesiya suka zo Najeriya, suka roƙi irin kwakwa suka tafi da shi, yau ga shi a hannunsu muke sayen manja. Zancen yana da daɗin faɗa, domin yana nuna kamar dare ɗaya aka yi mana fintinkau. Sai dai lissafin shekarunsa bai fita ba. Ranar da Najeriya ta samu 'yanci a 1960, kwakwar manja ta riga ta shekara 112 a kudu maso gabashin Asiya.

Farkon labarin sananne ne. Bishiyar 'yar asalin Afirka ce, ta yamma da ta tsakiya. A ƙarni na 19, bayan an hana cinikin bayi, jiragen ruwan Turawa suka koma lodin manja daga gaɓar Neja Delta zuwa Ingila, ana yin sabulu da kyandir, ana shafa wa injuna. Najeriya ta riƙe kambu har tsakiyar shekarun 1960, sai yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya faɗa kan yankin da kwakwar ta fi yawa, fetur kuma ya zo ya ɗauke hankalin kowa. Yanzu Indunusiya da Malesiya ke samar da kusan kashi 85 cikin ɗari na manjan duniya.

Abin da ba a cika ambata ba ya faru ne a wani lambu a tsibirin Jaba, cikin Indunusiya ta yau. A 1817 Turawan Holan suka kafa lambun binciken tsirrai a garin da suke kira Buitenzorg, wato Bogor ta yau, kudu da Jakarta. Ba don shan iska aka yi shi ba. Aikinsa shi ne karɓar tsirrai daga ko'ina, a dasa, a sa ido, a rubuta abin da aka gani, sannan a raba iri ga masu gonaki, a kuma yi musaya da sauran lambuna irinsa a Turai da Indiya. Mai kula da shi daga 1831, Johannes Teijsmann, da aikin lambu ya shigo ƙasar, kuma ya shafe kusan shekara 40 a kan wannan kujera. A zamaninsa, a 1848, aka kawo dashen kwakwar manja guda huɗu: biyu ta hanyar lambun Amsterdam, biyu daga wajen tsibiran Moris da Riyuniyon a tekun Indiya.

Huɗun nan suka kama ƙasa, suka yi 'ya'ya, aka rarraba irinsu. An daɗe ba wanda ya ga kuɗi a jikinsu. Masu gandun taba a yankin Deli na tsibirin Sumatra, shi ma a Indunusiya ta yau, ado suke yi da su, suna jera su a gefen hanya. To amma da yake duk tsatsonsu ɗaya ne, bishiyoyin suka fito kusan iri ɗaya wajen girma da yawan mai, ga ƙasa mai kyau, ga ruwan sama kusan duk shekara. Mai son kafa gandu babu abin da yake nema kamar ya san abin da kowace bishiya za ta ba shi tun kafin ya dasa. Wani ɗan Beljiyam da ya san kwakwa tun daga Kwango, Adrien Hallet, ya lura cewa waɗannan na gefen hanya sun fi na Afirka albarka, ya buɗe gandun kasuwanci na farko a Sumatra a 1911. A 1917 Bafaranshe Henri Fauconnier ya buɗe nasa a Selangor, cikin Malesiya ta yau. Kafin ƙarshen shekarun 1930 Sumatra ta riga ta kamo Najeriya wajen fitar da manja, Yaƙin Duniya na Biyu ne ya mayar da ita baya.

Mu ma fa an yi mana irin waɗannan lambuna: Legas a 1887, Aburi ta Gana a 1890, Biktoriya ta Kamaru, wato Limbe, a 1892. Hankalinsu ya fi karkata ga koko da kofi da roba. Kwakwa kuwa tana nan birjik a daji da bayan gida, maza na hawa su saro, mata na dafawa su kirɓa su tace, 'yan kasuwa na saye a bakin ruwa. An hana kamfanonin waje mallakar manyan filaye don gandu a Kudancin Najeriya, wanda ya bar ƙasa a hannun masu ita, kuma wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Illa dai zaɓen iri da ajiye bayanansa tsara bayan tsara sun makara a nan.

Zancen majalisa bai rasa ƙamshin gaskiya ba, domin Asiya ta ci gaba da komowa Afirka neman abin da take buƙata. A 1941 masu bincike a Yangambi ta Kwango suka gano yadda ake haɗa kwakwa mai kaurin ɓawo da marar ɓawo a samu mai siririn ɓawo da yawan mai, irin da ake kira tenera, wanda ya cika gandunan Malesiya daga shekarun 1960. A 1973 masana daga Malesiya sun zagaya Najeriya tare da takwarorinsu na gida suna tattara iri, don faɗaɗa tsatson nan da ya ƙuntata tun daga bishiyoyi huɗu. Har ƙwaro sai da suka zo nema. Kafin 1981, a Malesiya leburori ne ke bin bishiyoyi suna barbaɗa garin namijin fure a kan macen da hannu. A shekarar aka saki wani ɗan ƙaramin ƙwaro da aka ɗauko daga Kamaru, ya karɓe aikin, nonnan kwakwa suka ƙara cika, kuɗin ƙwadago ya ragu.