Waiwaye: Su Wa Ke Sauya Sheƙa a Siyasar Kano?

Kullum a labarai sai a ce wane ya sauya sheƙa "tare da dubban magoya bayansa". Ba a cika tsayawa a duba ko su waye dubban nan ba.

A zamanin jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, jam'iyya tana nuna matsayin mutum. Teloli, mahauta, 'yan koli da malaman allo sun fi karkata ga Malam Aminu Kano, NPC kuwa ta sarakuna ce da ma'aikatan En'e da manyan attajirai. Ɗan NEPU yakan sha ɗauri a kotun alƙali, ya fito ya ci gaba da abinsa.

Babbar ɓaraka ta zo a PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano a Jamhuriya ta Biyu, bayan zaɓen 1979. 'Yan Taɓo suka tsaya da Malam, 'yan Santsi, waɗanda 'yan boko suka yi yawa a cikinsu, suka bi Gwamna Abubakar Rimi. A 1983 Rimi ya ajiye mulki ya koma jam'iyyar NPP, Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi. Talakan Kano bai bi shi yadda ya zata ba.

Yanzu lissafin ya sauya. A Nuwamban 2013 Gwamnan Kano Rabi'u Musa Kwankwaso ya bar PDP zuwa APC cikin gwamnoni biyar, ya dawo PDP a 2018, ya wuce NNPP a 2022, kuma magoya bayansa masu jar hula suka riƙa bin sa duk inda ya sa gaba. Masu bin nan su ne shugabannin mazaɓu, kansiloli, shugabannin mata da ke tara jama'a gida-gida, sojojin baka na gidajen rediyo, sai matasan Facebook da TikTok. A ganina yawancinsu ba su ɗauki kansu masu sauya sheƙa ba, tunda gidan siyasarsu ɗaya ne. Tuta ce kawai aka canja a ofishin unguwa, aka sake fenti.

Akwai kuma waɗanda turo su ake yi. Shigowar Kwankwaso APC ce ta fitar da Malam Ibrahim Shekarau zuwa PDP a 2014, dawowarsa kuma ta mayar da Shekarau APC a 2018. A ƙasa abin ya fi ciwo: shugaban mazaɓar da ya yi shekaru yana biyan hayar ofis sai ya wayi gari an miƙa ragamar jam'iyya ga baƙin da ya yaƙa a zaɓen baya.